Yoyon Taragon Toktosun

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Toktosun a ƙarshen sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa tana bin lungunan Kara-Bulak, ba a ƙasa zai same shi ba, sai ya ɗaga kai. Yana can bisa rufin taragonsa a tsugune, gwangwanin kwalta a gefe, tsumma ɗaure a bakin sanda, yana shafawa yana mita. In ka yi masa sallama zai amsa, don mutum ne mai ladabi, amma ba zai dube ka ba. Idonsa na kan kwano, yana neman ramin da ya shekara tara yana nema.

Tarago muke ce wa abin, ko da yake bai taɓa ganin layin dogo ba. Ɗaki ne na ƙarfe a kan tayoyi huɗu, ƙofa ɗaya, taga biyu, da doguwar sandar ƙarfe a gaba da ake maƙala wa tarakta. Shekarar da gonar gwamnati ta watse aka raba kayanta, wani ya sami tumaki, wani ya sami rabin mota. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, sikelin awon gashi ya samu. Toktosun, da ya yi shekara ashirin yana yi musu kiwo, shi aka ba taragon da masu askin tumaki ke kwana ciki. Mutane suka yi masa dariya. Shi ko ya zagaya shi sau uku, ya ƙwanƙwasa bangonsa da yatsa, ya ce wannan zai binne mu duka.

Shekaru da yawa taragon bai wuce rumbu ba. In bazara ta yi aka kora dabbobi zuwa jailo, makiyayar kan duwatsu, sai a ja shi ɗauke da fulawa da gishiri da sirdi. Su kuwa a bukkarsu suke kwana, bukkar da uwar matarsa Zuura ta kirɓa wa kiyiz, wato bargon gashin da ake lulluɓe bukka da shi, da hannunta kafin a kawo Zuura gidan miji. Farin gashin tumaki ne zalla, kaurinsa ya kai yatsa biyu, ga jan zane a gefe. Matan jailo kan zo su shafa shi suna sha'awa.

Sai yara suka girma suka watse. Esenbek, babban, ya zauna a Bishkek. Kafa bukka ba aikin mutum biyu masu ciwon gwiwa ba ne, kuma Toktosun ba ya son roƙo. Ya ce za su koma cikin tarago.

Bazarar farko sanyi ya ba su kashi. Iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa ta fita ta taga kamar ba bango. Da suka sauko gida, Toktosun ya ɓamɓare falankin ciki, ya shimfiɗa kiyiz ɗin bukkar a tsakar gida, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya cusa tsakanin ƙarfe da katako, bango da rufi duka, ya mai da falanki ya buga ƙusa. Zuura na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Ba ta hana shi ba. Mako guda tana ajiye masa shayi ba ta ce masa sha ba.

Abu ɗaya ta faɗa, ranar da yake toshe ƙaramar kafar da ke rufin.

"Baban Esenbek, ka bar masa wurin numfashi."

"Ƙarfe ne, tsohuwa, ba doki ba. Ke ki ji da gashi, ki bar mini ƙarfe."

Bazara ta biyu suka kwana cikin ɗumi har ya riƙa kiran maƙwabta su shigo su ji. A bazarar ne kuma ɗigon farko ya faɗo, daidai kan tulin barguna.

Tun daga nan bai huta ba. Ya shafa kwalta, ya yi yoyo. Ya ƙara kwano a kan kwano, ya yi yoyo. Ya zare ƙusoshin rufin ɗaya bayan ɗaya, ya yanka tsohuwar robar taya ya sa wa kowace, ya mayar. Ya liƙe tagogi da leda ninki biyu. Da Esenbek ya aiko masa da kumfar nan ta gwangwani da ke kumbura ta bushe, bai bar tsagar da allura za ta shiga ba, har ƙofar sai an sa kafaɗa take buɗuwa. Ya sa faifan sola, ya sa ƙwan lantarki, ya sayo wa Zuura murhun gas don kada ta riƙa fita girki cikin iska. Kowace shekara taragon na ƙara kyau, kowace shekara ruwan na ƙaruwa. Sai ka shiga da safe ka ga kwanuka jere a ƙasa kamar za a yi rabon miya.

Sa'ansa Japar, mai taraktar da ke jan taragon, shekara ɗaya aka haife su, don haka ba abin da ba ya gaya masa.

"Toktosun, in ka gama shafa wa amaryar taka lalle ka gaya mini. Kwaltar da ka zuba wa wannan rufin da hanyar Narin aka zuba wa, da yanzu mota na gudu."

"Kai dai je ka wanke wuyanka."

"Bara da na ja shi kan hawa, taraktata har kuka ta yi. Nauyin mutum biyu ne wannan? Ko ka ɓoye wata a ciki?"

"Taraktarka ta tsufa ne kamar mai ita."

Wasa ya ƙare bara. Zuura ta kama tari a jailo, tari mai zurfi da ke fitowa daga ƙasan ƙirji. Ta daure har aka sauko, sannan ta kwanta asibiti kwana ashirin. Likita ya tambayi inda take kwana, Esenbek ya gaya masa, likitan ya girgiza kai. A ƙofar asibitin ɗan ya tsai da ubansa. Ata muke ce wa uba a nan, uwa kuma Apa.

"Ata, ban taɓa yi maka gardama ba. Amma in taragon nan ya ƙara ɗiga ko sau ɗaya, Apa ba za ta hau ba. Mu ba wa makiyayi dabbobin, ku zauna a gida kamar sauran tsofaffi."

Toktosun ya san abin da maganar ke nufi. Shi bai iya tatsar goɗiya ba, bai iya gasa gurasa ba, in Zuura ba ta hau ba shi ma ya sauka ke nan har abada. Ita kuwa a jailo aka haife ta, bazara sittin da huɗu ba ta taɓa yin ɗaya a ƙauye ba. Da aka gaya mata sharaɗin, cewa ta yi, "To ku ɗaure mini ƙafa da igiya ku watsa mini tsaba, tunda kaza zan zama."

Bana tun ƙanƙara ba ta gama sauka daga rufin ba ya hau. Ya kankare tsohuwar kwalta har ƙarfe ya fito fari, hannuwansa suka tsage. Ya sami ramuka biyu na tsatsa, kowane bai kai ƙwayar alkama ba, ya sauko da murna yana nuna wa kowa da yatsa a iska girmansu. Ya kawo maƙeri ya yi musu walda. Ya shafa sabuwar kwalta sau uku. Salla kaɗai ke sauko da shi, sai ka gan shi yana goge goshi da kananzir kafin ya yi alwala.

Kwana uku kafin tashi Esenbek ya iso da iyalinsa. Bai ko sha shayi sosai ba ya ce a kawo bokiti. Shi da Japar suka yi ta ɗebo ruwa daga rafin bayan gida suna sheƙa wa rufin, bokiti arba'in, Toktosun na ciki shi kaɗai da tocila yana bin kowace kusurwa. Ya fito yana gyara hula.

"Shiga ka duba da kanka, ɗan birni. Shafa. Shafa can ma."

Esenbek ya shiga ya shafa. Ƙayau. Ya fito yana dariya ya rungume uban. Japar ya ce, "Kai, yau dai amarya ta riƙe fitsarinta." Zuura na bakin madafa, ba ta yi dariya ba, ta dubi rufin ta koma ciki.

Washegari aka yanka tunkiya don addu'ar tafiya. Dangi suka zo daga ƙauyuka biyu, gida ya cika har ba wurin shimfiɗa, sai tsofaffin suka bar wa baƙi ɗakinsu suka ce su a tarago za su kwana. Da ma a cikinsa Zuura ta wuni tana dafa shayi a murhun gas, buta na sauka buta na hawa, don madafa ta cika da tukwanen nama.

Da asuba Toktosun ya yi alwala a waje. Sama tas, ko gajimare ɗaya babu, ƙasa busasshiya. Ya shiga ya tayar da salla. Yana zaune a tahiya ya ji abu mai sanyi ya faɗo masa a ƙeya, ya gangara cikin riga. Bai motsa ba. Na biyu ya faɗo a bayan hannunsa. Ya sallame, ya ɗaga kai a hankali. Rufin gaba ɗaya ya jiƙe, ɗigo jere da ɗigo suna walƙiya a hasken ƙwan da shi ya sa da hannunsa. Zuura ta yi tari a cikin bargo.

Ya so ya goge kafin kowa ya gani. Yana tsaye bisa akwati da tsumma Esenbek ya sa kafaɗa ya turo ƙofa, ya zo gaida su. Ya dubi uban, ya dubi bargon uwar, ya sa hannu ya taɓa.

"Ata."

"Raɓa ce."

"Raɓa a cikin ɗaki, Ata?"

"Na ce raɓa ce! Ka ga ruwan sama? Fita ka duba! Bokiti arba'in ka zuba da hannunka!"

"Na zuba. Ga shi kuma bargon Apa a jiƙe. Ba za ta hau ba."

Baƙi ba su gama karin kumallo ba ya jingina tsani ya koma sama. Ya bi rufin da gwiwa, taƙi bayan taƙi. Ba tsaga, ba rami, kwalta sumul tana sheƙi. Ya tsaya tsakiyar rufin ya ɗaga hannuwa kamar mai tambayar sama, sai ya tuna da Wanda ke sama, ya sauke su ya yi istigfari. Japar ya iso ya tsaya a ƙasa, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar sa'ansa, ya rufe.

Zuura ce ta fito da buta a hannu, tana tafasa.

"Baban Esenbek, sauko."

"Ina aiki."

"Sauko, na ce. Shekara tara ina kallonka, yau kai za ka kalle ni."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya sauko. Ta cire murfin butar ta kifa masa a tafin hannu. Ruwa ya ɗiɗɗigo daga cikin murfin.

"Wannan ma yoyo yake? Hau ka shafa masa kwalta."

Ya tsaya yana kallon murfin.

"Duk kaka taragon nan yana nan tsakar gida, ruwa na dukansa, ina shiga ɗebo fulawa, ko ɗigo ban taɓa gani ba. Sai mun shiga. Sai na ɗora buta, sai mun yi numfashi, sai ka shanya safarka. Ka rufe mu a tukunya, ka sa murfi, kana neman wanda ya zubo mana ruwa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa shekarar farko. Na faɗa shekarar leda. Shekarar kumfa ma na faɗa, ka ce in ji da gashi. To ga maganar gashi. Shekara talatin da wani abu ina jan igiyar tunduk kowace safiya ina buɗe saman bukka. Ka taɓa tambayata don me? Ka ɗauka sama nake son gani? Kiyiz yana shan ruwa, iska ta busar da shi. Kai ka kulle na uwata tsakanin ƙarfe da katako, inda ko ƙuda ba ya shiga."

Japar ya yi gyaran murya. "Ni dai na ce taragon ya yi nauyi."

"Rufe mini baki," in ji Toktosun, amma a hankali.

Ya ɗauko guduma ya shiga. Falankin farko bai ko yi gardama ba, ƙusoshin suka zaro daga katako kamar daga cikin gurasa. Warin ya fara fitowa, har Esenbek ya ja da baya. Farin kiyiz ya koma baƙi, ya yi fumfuna, ya jiƙe sharkaf, in ka matsa ruwa na bin yatsu. Katakon da ke bayansa ya ruɓe, ana murje shi da hannu. Abin da Zuura ta shekara tara tana shaƙa ke nan, a daidai inda take sa kai. Toktosun ya jawo wata gunduwa, jan zanen gefenta na nan ana ganinsa dishi-dishi. Ya riƙe ta, bai san inda zai ajiye ba. Zuura ta karɓa daga hannunsa, ta duba, ta ce, "Allah Ya jiƙan mai hannun nan," ta kai bayan gida.

Ranar tashi garin ya tashi ba su. Toktosun na tsaye a ƙofar gida dabbobinsa suka wuce cikin garken Japar, goɗiyoyin na waiwayen gidan. A bayansa taragon na tsaye ba falanki, haƙarƙarinsa a waje. Esenbek, kafin ya shiga mota, ya ce, "Ata, ka bar shi haka. Ka yi iya yinka."

"In na gyara fa?"

Ɗan ya dubi uwarsa. Ita ba shi take kallo ba, ƙurar garken take kallo.

"Kwana uku a jere ku kwana ciki, da buta a wuta. Kowace safiya Apa ta nuna mini rufin ta waya. Apa ce za ta nuna, ba kai ba."

Kwana goma sha shida ya yi. Ya sake katako bakwai. Ya kankare kumfar da wuƙa yana zagin wanda ya ƙirƙiro ta, ya yage ledar tagogi. Buhu goma sha ɗaya na ruɓaɓɓen kiyiz ya kai rami. Duk wannan bai dame shi ba kamar aikin ƙarshe. Ya hau rufin da almakashin kwano ya zauna tun hantsi har azahar bai taɓa komai ba. Rufin da ya fi kowane rufi a Kara-Bulak kyau, wanda bokiti arba'in ba su keta ba. Bayan salla ya koma, ya ce bismillah kamar mai yanka, ya huda. Ya yanke da'ira mai faɗin faranti, ya kafa mata wuya na kwano da 'yar hula a sama don ruwan sama. Ƙarar almakashin har gidajenmu.

Cikin buhu goma sha ɗaya Zuura ta tsamo yanki guda da bai ruɓe ba, wanda ke kusa da ƙofa inda iska ke ɗan sata ta shiga. Bai fi dardumar yaro ba. Ta wanke, ta shanya, ta zagaye bakinsa da zare, ta ɗinka masa igiya. Shi ne marufin kafar daga ciki.

Safiya ta farko rufi a bushe. Ta biyu ma haka. Ta uku Esenbek ya sa uwar ta shafa tafin hannu a rufin ta nuna masa, sannan ya ce a waya, "To, Allah Ya kiyaye hanya. Ki tafi da maganinki."

Japar ya sauko da tarakta ya ja su. A kan hawa ya leƙo yana ihu cikin ƙarar inji, "Ka ji yadda take gudu? Ashe ruwa nake ta jan maka zuwa kan dutse, inda ruwa ya fi yawa!"

Sun isa a makare. Wurinsu na bakin marmaro wasu sun riga sun kafa, sai can gefe suka samu, inda ɗebo ruwa ke da nisa. Goɗiya biyu sun saba da 'ya'yansu sun ƙi tatsa, nonon bana bai kai rabin na bara ba. Taragon kuma ya koma sanyi, tunda ba komai tsakanin ƙarfe da falanki. Toktosun da hula yake kwana, da safa biyu, ya tashi yana cewa gwiwarsa, yana cewa da kafar ta fi haka ƙanƙanta da ta isa, shi ya san ƙarfe. Zuura kuwa tana idar da salla take jan igiya, hasken safe ya faɗo tsakiyar ɗaki, tururin buta ya miƙe ya fita. Tarinta bai tashi ba.

Da za su taho ya sa sauran gwangwanin kwalta a ƙarƙashin gado, ya ce ko da wani abu. Mako na biyu aka yi iska mai ƙarfi, ya durƙusa ya laluba, babu. Ya tambaye ta.

"Na ba matar Japar," in ji ta. "Akurkin kajinsu na yoyo."